Kurame Uku a Buhun Ummaru

Ku matso kusa, ku da kunka shigo aikin bindiga bayanmu, in ba ku labarin wata Lahadi da har gobe ba ta fita raina ba. Shekaru sun yi nisa, haƙora sun zube, amma ban taɓa mance ranar nan ba, don ita ce ranar da na yi gudun da ban taɓa yin irinsa ba tun da uwata ta haife ni.

Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa bariki a Sakkwato ba, 'yan shekaru ne bayan yaƙin Jamus. Ina aiki a filin harbin allo, can bayan bariki inda daji ya fara. Ba filin soja ba ne. Na Turawan gari ne masu son harbi don nishaɗi, irin su likita, da mai sayen fatun awaki, da babbansu da muke ce wa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa sai in zai ɗana kunamar bindiga. Kowace Asabar bayan la'asar sukan zo su shimfiɗa tabarmi, su kwanta rub da ciki, su yi ta harbin wani farin allo mai baƙin zagaye a tsakiya. Ba tsuntsu, ba barewa, allo kawai. Da farko na ɗauka taɓuwa ce irin ta waɗanda sunka ƙoshi. Daga baya abin ya shiga jinina, har in Juma'a ta yi sai in ji na matsu gari ya waye.

Mu uku ne ma'aikatan wurin. Babbanmu Saje Na'Allah, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi da ƙafa guda a sandare. Shi ke riƙe da makullin ɗakin bindigogi, shi ke ba da umarnin a harba ko a tsaya, kuma a filin nan ko Bature ba ya ƙetare maganarsa. Sai ni Altine, mai rami. A gaban allon an haƙa rami zurfin tsayin mutum, a bayansa kuma an tara tudun ƙasa da ke tare abin da anka harba. Cikin ramin nake zama. In an harba sai in ɗaga gora mai faifai a kai in nuna inda anka huda, sannan in liƙe hujin da takarda da ƙaro. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina cikin rami ban ga kowa ba, sai in gaya maka wa ya harba, don kowace bindiga da muryarta. Na ukunmu Baba Jaɓɓi ne, wani dattijo daga Dundaye. Maharbi ne na gaske, ya tsufa yana bin daji da bindigar toka. An ɗauko shi ya riƙa kafa jar tuta, yana korar awaki da masu itace daga bayan tudu. A lokacin da nake ba ku labari bai fi mako uku da fara aiki ba.

Abin da ya fi ba ni wuya da na fara aiki ba ramin ba ne, sunaye ne. A cikin gari komai harsashi ne. Abin da ake sa wa bindiga harsashi, abin da ya fita ya huda allo harsashi, ɓawon da ya faɗo ƙasa shi ma harsashi. A filinmu kuwa in ka yi wannan magana ka jawo wa kanka. Ranar farko Saje ya zaunar da ni ya ɗaga guda ɗaya a gaban hancina. Ya ce wannan da nake gani, gaba ɗayansa, shi kaɗai ne harsashi. Jikinsa na tagulla sunansa kwanso. Kan nan mai tsini, wanda shi ke tafiya ya huda allo, sunansa dalma, ko da yake an sa masa rigar farin ƙarfe. Abin da ke ƙonewa a ciki albarushi ne. Ɗan zagayen da ke tsakiyar gindi, inda bindiga ke duka wuta ta kama, mu a wurin cibiya muke ce masa. In kuwa bindiga ta daki cibiya harsashi ya ƙi tashi, to ya zama kurma, an kira shi bai amsa ba.

Ba a miƙa wa mutum komai a filin nan sai an faɗi sunansa da ƙarfi, mai karɓa kuma ya maimaita. Turawan ma haka suke yi da yarensu, kuma sun fi mu tsanani. Wanda ya kira kwanso da sunan harsashi, hukuncinsa ya tashi ya sauka rami ya ɗaga gora da kansa har a gama zagaye guda. Na taɓa zama da likita cikin ramin nan, ya yi jajir, gumi na zuba, sauran na can suna ta shewa. Ni dai a raina na ce wannan duk iyayi ne, mutane sun sami abin wasa suna yi masa sarauta.

Ranar Lahadi da safe ake aikin gyara, kuma shi ma da tsarinsa. Dalmar da muke tonowa daga tudu tana shiga ƙwarya, a ba masunta su ɗaura wa tarunsu don ya nutse. Kwanso yana shiga buhu. Tunda harsasan na Turawan ne da kansu, ba na gwamnati ba, Mai Lofe ya yarda a riƙa ba maƙeri kwanson da ya gama aiki. Maƙerin kuwa Ummaru ne, maƙerin fari a Ƙofar Marke, ɗan kawuna, wato taubashina. Shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana sai bawana. Yakan narka kwanson ya yi mundaye da zobba. Kurame su kaɗai ne ba a ba kowa. Suna da tukunyarsu mai yashi da murfi a gindin wata aduwa, Saje ne ke kai su wurin soja a lalata.

Asabar ɗin da ta gabaci Lahadin da nake faɗi an yi harbi mai daɗi. Bazara ce, irin zafin Sakkwato da ke sa ƙadangare neman inuwa, amma ba wanda ya kula. Likita da mai fata sunka yi kunnen doki har zagaye uku, ni ina cikin rami ina tsalle ni kaɗai, gorata na rawa. A zagayen ƙarshe likita ya zuba biyar cikin baƙi, hujin kusa da juna har takarda ɗaya ta rufe su. Da na fito rami na ga Saje da kansa yana murmushi, abin da ba a cika gani ba. Muna tattara kaya ya ce mini an sami kurame uku yau, duk daga sabon akwatin mai fata, ya sa su tukunya.

Washegari Saje ya shiga ɗaki yana shafa wa bindigogi mai. Ni na hau tudu da fartanya ina tonon dalma. Baba Jaɓɓi ya tsince kwanso ya zuba buhu. Da hantsi wani mai jakin itace da ke bi ta wurinmu kowace Lahadi ya tsaya, anka ɗora masa buhun ya wuce gari. Na san Ummaru na jiransa, don mako guda ke nan yana damuna. An ba shi aikin mundayen biki, tagulla ta yanke masa, har ya rantse mini cewa ranar da buhun ya iso a ranar zai ɗora kasko.

Rana ta kusa tsaka na sauko da dalmata, na je zan juye cikin ƙwarya. Dalmar da ta daki tudu ba ta da kyan gani, takan baje ko ta lanƙwashe, ƙasa ta manne mata. Sai ga guda uku a saman ƙwaryar, sumul, da tsininsu, suna ƙyalli kamar yau anka ƙera su. Na tsaya ina kallonsu. Na je gindin aduwa na ɗaga murfin tukunya. Yashi kawai.

Na kira Baba Jaɓɓi na tambaye shi ina kuramen jiya. Ya taho yana fara'a, irin ta wanda ya yi aikin da ba a sa shi ba yana jiran yabo.

"Ai na zare musu harsashin, Altine. Ga su nan cikin ƙwaryar masunta. Ɓawon na zuba buhu, kar a yi asara."

"Albarushin fa, Baba?"

"Wane albarushi? Na kihe su, na kaɗa, ko ƙwaya ba ta zubo ba. Shi ya sa ba su tashi ba. Wanda ya ƙera su ya mance bai zuba ba."

To, ku da kunka san aikin kun riga kun gane. Waɗanda ba su sani ba, bari in faɗa muku. Albarushin da Baba Jaɓɓi ya sani baƙin gari ne, ana zuba shi daga ƙaho, in ka kife bindiga sai ya zubo. Na cikin harsasan Turawan nan ba gari ba ne. Sirara ne dogaye kamar tsinken tsintsiya, an cusa su a matse, an kuma toshe samansu da 'yar takarda mai kauri can cikin wuyan kwanso. Ka kife ka kaɗa har gobe, ba abin da zai fito. In ka leƙa bakin duhu za ka gani kamar na kowane kwanso. In ka juya gindi, cibiyar kurma a lotse take kamar ta wanda ya tashi, tunda ita ma bindiga ta dake ta. Baba Jaɓɓi bai yi ganganci ba. A saninsa abin da ke kisa shi ne harsashi, ya kuwa cire shi. Amma abin da ya zuba buhun Ummaru ba kwanso ba ne. Wuta ce guda uku da baki a buɗe, za a ɗora su kan gawayi, maƙeri kuma ya sunkuya da fuskarsa a kai yana zuga.

Na shiga ɗaki na faɗa wa Saje a tsaitsaye. Bai yi faɗa ba, bai ko kalli Baba Jaɓɓi ba. Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya ce in tafi, kar in tsaya ko gaida sarki.

Ni mutum ne mai son gida. Daga fili sai gida, daga gida sai masallaci, kuma tuwon matata Hajo ya zauna mini a jiki, tumbina ya riga ni shiga ɗaki. Ban taɓa gudu ba sai in ruwan sama ya kama ni. Ranar nan na cire takalma na riƙe a hannu, na naɗe riga, na zuba. Ban kai ƙarshen bariki ba na ji ƙirjina kamar ana hura wuta a ciki. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa, na mai da takalman, ɗaya ya tsinke, na jefar da su duka. Sai na ji sawu a bayana. Baba Jaɓɓi ne, dattijon da ya haifi kamata, ya ɗaure bante yana tafe da irin sassarfar maharba, ko haki ba ya yi. Ya wuce ni kamar ina tsaye. Can gaba ya ja birki ya juyo, ya ce shi bai san gidan ba.

Haka munka yi ta yi har gari. Shi da ƙafa ba hanya, ni da hanya ba ƙafa. Ya yi gaba, ya tsaya a mararraba, in nuna masa da hannu don bakina ya daina aiki. Mun bi ta wurin mahauta, wani da ya san ni ya ɗaga wuƙa yana tambaya ko sa ne ya kwance, wani ya ce a'a, Altine ya ji labarin walima ne. Na wuce. Ni abin da nake gani kawai idon Ummaru. Maƙerin fari da ido yake ci, zanen da yake yi wa munduwa ko ni mai lafiya sai na matso nake ganinsa. Yana da mata da 'ya'ya biyar da tsohuwarsa, duk a kan idon nan suke. Kuma ni na roƙa masa kwanson nan wurin Mai Lofe, ni na kai masa shi gida da bakina.

Da munka shigo Ƙofar Marke na tattaro sauran numfashina na ce wa Baba Jaɓɓi ya miƙe, rumfar da ke gindin durumi, hannun dama. Ya ɓace. Hanyar ta bi ta ƙofar gidana. Hajo na tsaye a zaure tana sallamar mai nono, ta gan ni ba hula ba takalmi, na wuce ƙofar ban ko waiga ba. Daga baya ta ce mini a nan ta tabbata wani ya mutu, don tun da anka kawo ta ba ta taɓa ganin na wuce gida ban leƙa tukunya ba.

Ina karyo kwana na ji abin da nake tsoro, fuf, fuf, fuf, zuga-zugi na aiki. Na ji kuma dariya. Ummaru na zaune a mazauninsa, hannu ɗaya kan zuga-zugi, ya juye buhun a kan wata fata, dattawa biyu masu zaman hira na gefe. Baba Jaɓɓi na tsaye yana ta nanata cewa akwai harsashi a ciki. Ummaru kuwa yana watsa kwanson da ɗaya hannun, yana ce masa ya nuna masa ko guda mai kai. Shekara biyu yana narka kayan nan, ya san harsashi in ya gan shi, waɗannan duk fanko ne. Har Baba Jaɓɓi ya fara sosa ƙeya, don abin da shi ma ya gani ke nan da safe.

Ummaru ya hango ni ya washe baki. "Kai, ga bawana. Wa ya biyo ka? Ko Hajo ta hana ka tuwo?"

Na dafa dirkar rumfa. Kalma uku kawai na iya fitarwa.

"Albarushi shina ciki."

Hannunsa ya tsaya a kan zuga-zugi. Maƙeri ya san albarushi, ba sai an yi masa tafsiri ba. Bai dube ni ba, wuta ya duba. Sai a lokacin na lura da kaskon, an binne shi cikin gawayi har wuya. Ya ce bai daɗe da zuba cikin hannu biyu a ciki ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki awartaki ya fiddo shi, na riƙe masa hannu. Awartakin nan bai fi kamu biyu ba, kafin ya kama kaskon sai ya sunkuya a kansa. Na ce kowa ya fita. Dattawan nan ba su jira na maimaita ba, ɗaya ma ya bar carbinsa. Ni da Baba Jaɓɓi munka kama bakin fatar da kwanson ke kai munka ja ta waje, bayan durumi, na turo Ummaru a gaba.

A nan rigima ta tashi. Ummaru ya ce kaskon nan na mahaifinsa ne, ba shi da wani, in anka bar shi a wuta ba zuga ba kulawa zai iya tsagewa. Kuma wa ya ce kuramen na ciki? Cikin hannu biyu ne kawai daga buhu guda. Na ce ya ba ni ɗan lokaci. In na sami ukun nan a kan fata, ya koma ya ci gaba da aikinsa, in ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce ta yaya zan gane su, tunda ni da bakina na ce ba a gani. Na ce ya miƙo mini masabarsa, gudumar ƙarfen da yake ƙira da ita.

Na kwantar da masabar a ƙasa, na ɗauki kwanso ɗaya na sake shi a kanta ta gefe. Ƙil. Fanko ne, yana da amo kamar ƙaramar ƙararrawa. Na jefa shi gefe. Na biyu, ƙil. Na uku, ƙil. Ban taɓa gwada wannan ba a rayuwata, amma shekara da shekaru ina jin kwanso na faɗuwa kan dutse ranar Lahadi, na san muryarsa kamar ta 'ya'yana. Mutane sunka fara taruwa, na ce a yi shiru don Allah. Kwanson sun haura ɗari, gumi na shiga mini ido. Can wajen na talatin na saki ɗaya, sai ya ce ɗif. Ba amo, kamar an jefa ɗanyen dabino. Na zura tsinke a bakinsa, bai shiga ko rabin gaɓar yatsa ba ya tokare. Na miƙa wa Baba Jaɓɓi na ce, kurma. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, kurma. Ranar ce ya fara maimaita suna ba tare da Saje ya harare shi ba.

Na biyun ya fito kusa da ƙarshe. Jama'a sunka yi kabbara a hankali. Saura 'yan kaɗan a kan fata, ina saki ina addu'a in ji ɗif. Ƙil. Ƙil. Ƙil. Na ƙarshe ma ƙil.

Ummaru ya ce ai kunne na kuskure, watakila na wuce shi ban ji ba. Ko kuma ya faɗi a hanya, buhun na da huji. Ya ce an daɗe, da yana cikin kasko da tuni ya yi magana. Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Gaskiya ni ma na fara shakkar kaina, don ga mutane sun cika wuri, ga rumfa shiru, hayaƙi na fita a hankali kamar kullum. Amma na san abin da na ji. Ban da ƙarfin riƙe maƙeri, hannunsa ɗaya ya yi cinyata. Sai na kama bakin rigarsa na zauna a kai da dukan nauyina.

"Tashi, bawan banza."

"Yau bawa ya ƙi. Sai dai ka tuɓe ka tahi tsirara."

Yana jan riga ina daɗa zama, mutane na dariya, har ya fara zare hannu daga rigar da gaske. Sai munka ji wani tsaki mai ƙarfi daga rumfa, kamar an tsoma jan ƙarfe a ruwa, wuta ta yi tsiri sama fara fat, sannan tau. Gawayi ya watsu ko'ina. Wani abu ya yi fito ya daki itace. Gefen rumfar ya kama, anka yi ta watsa ruwan randa har ya mutu. Ba wanda ya ƙwarzane, sai wata akuya da ta tsinke igiya ba a gan ta ba sai la'asar.

Da hayaƙi ya lafa munka shiga. Kaskon ya kife amma bai fashe ba. Fatar zuga-zugi ta huje wuri uku. A jikin dirkar da ke bayan mazaunin Ummaru kuwa ga kwanson nan ya tsage baki, ya kafe cikin itace. Ummaru ya matsa ya dubi kwanson. Ya je ya zauna a mazauninsa, ya sunkuya yadda yake yi in yana zuga, ya dubi wurin kasko, ya juya ya dubi dirka. Kowa ya ga abin da ya gani. Fuskarsa ce a tsakani.

Ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya shiga gida da kansa, bai aiki kowa ba, ya fito da ƙwaryar ruwa ya durƙusa ya miƙa mini. Ina sha yana kallon ƙafafuna da sunka yi bororo. Ya ce ashe tumbin nan yana gudu. Na ce yana gudu, amma sau ɗaya a shekara arba'in, kar ya sake ya saba.

Baba Jaɓɓi ya naɗe kuramen biyu a cikin hularsa, ya ɗauke su kamar ƙwai, ya koma fili a ƙasa. Ni kam sai a kan jaki anka mai da ni gida, ko da yake gidan bai fi taku ɗari ba.

Ranar Litinin Saje ya kai mu gaban Mai Lofe. Tun kafin a tambaye shi Baba Jaɓɓi ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, ya ce in korarsa za a yi ya yarda. Mai Lofe ya saurara har ƙarshe. Da 'yar Hausarsa ta hanci ya tambayi Saje ko ya koya wa dattijon sunaye. Saje ya ce ya koya masa duka tun ranar farko. Ya tambaye shi ko ya taɓa buɗe harsashi ya nuna masa albarushin da idonsa. Saje ya ce bai taɓa ba. Ni ma da ya juyo kaina, na ce sai da na shekara a wurin kafin na ga cikinsa, shi ma don wani ya fashe ne da kansa.

Asabar ta gaba, kafin a harba ko ɗaya, Mai Lofe ya tara kowa, Turawa da mu. Ya ajiye lofensa can nesa. Ya zare dalmar harsashi guda, ya ciro 'yar takardar da allura, ya zaro siraran nan ya zuba wa Baba Jaɓɓi a tafin hannu. Dattijon ya juya su, ya sansana, ya karya ɗaya da farce. Ya ce shekara hamsin yana harbi, da an ce masa wannan albarushi ne a kasuwa da ya ce a mai da shi wurin mai tsintsiya. Anka ɗora sili ɗaya kan dutse anka kusanta masa ashana, ya ƙone fuu kafin ka ƙifta ido. Baba Jaɓɓi ya ja da baya, ya ce ya gani.

Ba a kore shi ba. Ya yi shekara shida tare da mu, kuma ba a taɓa yin mai tsananin suna kamarsa ba, har likita sai da ya tura rami sau biyu. Tun daga ranar kuma ba kwanson da ke barin fili sai ya bi ta kunnena, ɗaya bayan ɗaya a kan dutse, in ce kwanso, mai buhu ya ce kwanso.

Ni dai ranar nan na daina cewa sunayen nan iyayi ne. Baba Jaɓɓi ya riga ni isa, ya faɗi gaskiya iyakar saninsa, ya ce harsashi, maƙeri ya duba bai ga harsashi ba ya ci gaba da zuga. Na zo a makare, ba numfashi, na ce albarushi, hannu ya tsaya. Amma na kuma gane cewa suna kaɗai bai isa ba. Dattijon nan ya haddace su duka shida, yana iya jera maka su kamar karatu, sai dai ɗaya daga ciki hoton da ke kansa daban ne da abin da ke cikin tagullar, mu kuwa da munka sani ba mu taɓa tambayarsa ba. Laifin ranar nan rabinsa namu ne, ni da Saje.

Ummaru ya ƙera mundaye har ya tsufa, da idonsa biyu ya ga jikokinsa. Kai kuma da anka ba ka sabon ma'aikaci ka koya masa aiki, ka taɓa buɗe masa cikin abin ya riƙe a tafin hannunsa, ko sunan kawai ka ba shi ya haddace?